Kwanon Abincin da Ya Ɓata Hanya: Waiwaye a Kan Fim Ɗin The Lunchbox

A birnin Mumbai na ƙasar Indiya akwai wata sana'a da ta haura shekara 130 ana yin ta, kuma aikin masu yin ta shi ne su karɓi abincin rana daga hannun matan gida da hantsi, su kai wa mazajensu a wurin aiki kafin azahar, sannan su komo da kwanukan gida da yamma. Ana kiran waɗannan mutane dabbawala, wato masu ɗaukar dabba. Ya kamata mai karatu ya lura cewa dabba a harshen Hindi ba ita ce dabbar da muka sani ba, sunan kwanon abinci ne na ƙarfe mai hawa-hawa, wanda ake zuba shinkafa a hawa ɗaya, miya a wani, gurasa a wani, a ɗaure su wuri ɗaya a saka cikin jaka. Wani mutum mai suna Mahadeo Havaji Bachche ne ya tsara sana'ar a shekarar 1890 da ma'aikata kamar ɗari, a zamanin da birnin yake amsa sunan Bombay a ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. A lokacin ofisoshi sun cika da mutane daga ƙabilu da addinai dabam-dabam, kowa da irin cimarsa da abin da addininsa ya hana shi ci, gidajensu kuma suna nesa da tsakiyar gari, don haka abincin gida ya fi wa kowa kwanciyar hankali.

Kafin annobar korona, dabbawala kusan 5,000 ne suke jigilar kwanuka wajen 200,000 a kowace ranar aiki, a kan keke da amalanke da kuma jiragen ƙasa na cikin birni, waɗanda suke ɗaukar fasinja fiye da miliyan bakwai kullum. Yawancinsu 'yan ƙauyukan yankin Pune ne, mabiya ɗariƙar Warkari ta addinin Hindu, ana gane su da farar hula, kuma da yawansu ba su yi zurfi a karatun boko ba. Alamomi na launi da lambobi da haruffa da ake rubutawa a kan kwano su ne adireshi, kuma kwano ɗaya yakan bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ya isa teburin mai shi. Ƙwarewarsu ta sa Yarima Charles na Ingila, wanda shi ne sarki a yanzu, ya ziyarce su a 2003, makarantar koyon kasuwanci ta jami'ar Harvard kuma ta fitar da nazari a kan tsarinsu a 2010. An daɗe ana yaɗa cewa sai sun kai kwano miliyoyi kafin su yi kuskure ɗaya. A kan wannan kuskure ɗaya tilo aka gina ɗaya daga cikin fina-finan soyayya na Indiya da suka fi samun yabo a wannan ƙarni, wato The Lunchbox na shekarar 2013, wanda sunansa na Hindi shi ne Dabba.

Marubucin fim ɗin kuma daraktansa, Ritesh Batra, haifaffen Mumbai ne na shekarar 1979. Ya tafi Amurka ya karanci tattalin arziki a jami'ar Drake da ke jihar Iowa, ya yi 'yan shekaru yana aiki da kamfanin Deloitte, daga baya ya ajiye aikin ya shiga sashen koyon shirya fim na jami'ar New York, wanda shi ma bai tsaya ya kammala ba. Ya fara da gajerun fina-finai, kuma wanda ya fi fito da sunansa shi ne Café Regular, Cairo, wanda ya ɗauka da Larabci a birnin Alƙahira, inda saurayi da budurwa suke zaune a gidan shayi suna wata magana mai nauyi game da makomarsu. Tun daga nan ana iya ganin abin da ya fi jan hankalinsa, wato mutum biyu da abin da ke tsakaninsu wanda baki yake jin nauyin furtawa. A shekarar 2007 ya komo Mumbai da niyyar shirya fim na gaskiya a kan dabbawala, ya bi su 'yan kwanaki suna yawon karɓar kwanuka. Abin da ya samu a wurinsu ya sauya masa niyya, domin mutanen da suke tsayawa a ƙofar gida ɗaya kullum shekara da shekaru sun san abubuwa da yawa game da gidajen, kuma labaran da suka riƙa ba shi na matan da ke bayan ƙofofin sun fi tsarin jigilar kansa ɗaukar hankalinsa. Sai ya ajiye batun fim na gaskiya ya koma rubuta ƙagaggen labari.

Labarin ya ɗauki shekaru kafin ya nuna, kuma hanyar da ya bi ya samu kuɗi tana da muhimmanci ga fahimtar irin fim ɗin da aka samu a ƙarshe. Batra ya kai rubutun kasuwannin da ake haɗa marubuta da masu zuba jari, irin su CineMart ta bikin fina-finai na Rotterdam a 2012, da takwararta ta Berlin, da ɗakin horarwa na Torino a Italiya. A gida Indiya, Guneet Monga ta kamfanin Sikhya ce ta ɗauki nauyin shiryawa, tare da Anurag Kashyap da Arun Rangachari da hukumar raya fina-finai ta ƙasa wadda ake kira NFDC. Daga waje kuma aka samu abokan haɗin gwiwa a Faransa da Jamus da Amurka. Wannan ya sa mai ɗaukar hoto, Michael Simmonds, da mai tace fim, John Lyons, suka zo daga Amurka, kiɗan kuma Max Richter ya tsara shi, Bature haifaffen Jamus mazaunin Ingila. A ganina wannan gamayya ita ce ta ba Batra 'yancin da manyan kamfanonin Mumbai da wuya su ba sabon darakta, domin ba wanda ya matsa masa ya saka rawa, ko ya ƙirƙiro mugu, ko ya rufe labarin da biki.

Mai kallo Bahaushe ya san abin da ake nufi da fim ɗin Indiya tun zamanin da 'yan kasuwa Kwarori suke shigo da su gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, kuma ya san yadda soyayya take tafiya a cikinsu: saurayi da budurwa, iyaye masu hana aure, waƙa a bakin kogi, faɗa, sannan haɗuwa. Wannan salo ya yi tasiri ƙwarai har a fina-finanmu na Hausa. Sai dai Indiya tana da wata tsohuwar hanya ta dabam wadda ba ta cika isowa gare mu ba, hanyar da Satyajit Ray ya buɗe da Pather Panchali a 1955, ta fina-finai masu natsuwa da suke kallon rayuwar talaka yadda take. The Lunchbox ɗan wannan gida ne. Masoyansa ba matasa ba ne, ba su taɓa riƙe hannun juna ba, ba su ma taɓa yin magana baki da baki ba daga farkon fim har ƙarshensa.

Ila matar aure ce mai 'ya ɗaya, tana zaune a wani ƙaramin gida a bene. Mijinta Rajeev ba ya dukanta kuma ba ya zaginta, ya dai daina ganinta ne kawai, yakan shigo idonsa a kan waya, ya ci abinci, ya kwanta. Ta yanke shawarar ta jawo hankalinsa da girki, bisa shawarar maƙwabciyarta ta saman bene, sai ta haɗa abinci na musamman ta ba dabbawala. Da yamma kwanon ya dawo a sude tas, abin da bai taɓa faruwa ba, ta yi murna, amma da ta tambayi mijin sai ya yaba wani abinci na farin kabeji da dankali wanda ba ta dafa ba. Nan ta gane kwanon wani wuri ya je. Wanda ya ci shi ne Saajan Fernandes, akawu a sashen biyan diyya, wanda ya shekara 35 a kan tebur ɗaya kuma yana shirin yin ritaya. Matarsa ta rasu, ba shi da ɗa, abincinsa daga wani ƙaramin gidan abinci ake aiko masa. Washegari Ila ta saka 'yar takarda a ƙarƙashin gurasa tana gode wa wanda ya cinye girkinta, shi kuwa amsar da ya mayar layi ɗaya ce, cewa gishiri ya yi yawa a abincin yau. Ta rama da barkono. Daga wannan 'yar tsokana wasiƙu suka fara tsawo, ita tana rubutawa da Hindi, shi yana amsawa da Turanci irin na tsofaffin Kiristocin unguwar Bandra, har kowannensu ya fara faɗa wa ɗan'uwansa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Hausa ta bambanta kewa da kaɗaici, kuma wannan bambanci yana taimakawa wajen fahimtar mutanen biyu. Kewa tana da suna da fuska, ana yin ta ne don wani da aka sani aka rasa. Kaɗaici kuwa yana iya kama mutum ko da gidansa cike yake da jama'a. Saajan ya fara ne da kewar matarsa, kewar ta daɗe ba ta samu wanda za a faɗa wa ba har ta daskare ta zama hali. Yana tsayawa a baranda da dare yana shan taba yana hangen iyalin da ke gidan da ke kallonsa suna cin abinci tare, har yarinyar gidan ta tashi ta rufe taga. Idan ƙwallon yaran unguwa ta faɗo gidansa ba ya mayar musu. A ɗaya daga cikin wasiƙunsa ya ba Ila labarin yadda ya nemi wurin kabari aka ce masa ƙasa ta yi ƙaranci, sai dai kabarin tsaye, shi da ya ƙare rayuwarsa a tsaye cikin jirgin ƙasa da bas saboda cunkoso. A wata wasiƙar ya gaya mata ya samo tsofaffin kaset ɗin bidiyo da matarsa ta naɗi wani wasan barkwanci na talabijin na shekarun 1980, ya kwana yana kallo, ya tuna yadda take dariya a wuri ɗaya duk lokacin da ta maimaita kallo, shi kuwa a lokacin yana waje yana gyaran keke, bai zo ya zauna kusa da ita ba. A nan ne ya faɗi maganar da nake ganin ita ce zuciyar fim ɗin, cewa mutum yakan manta da abubuwa idan ba shi da wanda zai ba labarinsu.

Ila kuwa ba ta rasa kowa ba a zahiri, mijinta yana raye, 'yarta tana zuwa makaranta ta dawo, kuma duk da haka nata ciwon ya fi zafi, domin ba shi da sunan da jama'a za su yi mata jaje a kansa. Wadda mijinta ya mutu ana zuwa yi mata ta'aziyya, amma wadda mijinta yake kwana a gefenta zuciyarsa na wani wuri, wa za ta kai wa ƙara, kuma me za ta ce an yi mata? Batra ya nuna yadda ta gano akwai wata mace ba tare da kalma ko ɗaya ba: tana ware kayan wanki, ta kai rigar mijin hancinta, ta tsaya. Wata rana labari ya bazu a gari cewa wata mata ta faɗo daga saman bene tare da 'yarta, Saajan ya ji a hanya hankalinsa ya tashi, bai samu natsuwa ba sai da ya ga kwanon ya iso teburinsa. Ila kuma ta rubuta masa tana kwatanta yadda matar za ta cire awarwaro da 'yan kunne a daren, da abin da za ta ce wa yarinyar a kan matakala, kwatanci mai dalla-dalla wanda ya isa ya nuna wa mai kallo cewa tunanin ba baƙo ba ne a wurinta. Fim ɗin bai ƙara komai a kan wannan ba, kuma bai buƙaci ƙari ba.

Abin da ya ɗaga wannan labari sama da labarin mutum biyu shi ne sauran matan da ke kewaye da Ila, waɗanda kowacce take nuna mata abin da zai iya zama gobenta. Maƙwabciyar saman bene, matar Deshpande, wadda Ila take kira Anti, ba a taɓa nuna fuskarta ba ko sau ɗaya, muryarta kawai ake ji ta taga, muryar 'yar wasa Bharati Achrekar, sai kuma kwandon da take zurowa da igiya ɗauke da kayan yaji. Mace ce mai raha da dariya, sai can a tsakiyar fim ake gane cewa mijinta ya shekara 15 a kwance ba ya motsi, idonsa a kan fankar silin, ita kuma ta yi imani cewa ranar da fankar ta tsaya ransa zai fita, har ta sayi na'urar ajiye wuta don kada fankar ta tsaya idan an ɗauke lantarki. Mahaifiyar Ila ita ma ta shafe shekaru tana jinyar miji mai ciwon daji na huhu, kuma ranar da ya rasu, abin da ta iya faɗa wa 'yarta shi ne tana jin yunwa, ta kuma furta cewa ta daɗe ba ta jin komai game da shi sai gajiyar dafa masa abinci da ba shi magani da yi masa wanka. Wannan magana tana da ɗaci, kuma na yaba wa marubucin da bai tausasa ta ba, domin duk wanda ya taɓa ganin doguwar jinya a gida ya san cewa mai jinya ma yana da nasa ciwon da ba a tambayarsa.

A ɓangaren Saajan kuma akwai Shaikh, matashin da aka kawo ya gaje shi a ofis, wanda Nawazuddin Siddiqui ya fito a matsayinsa. Maraya ne da ya rene kansa, ya yi aiki a Saudiyya, yana da surutu da naci, yana yanka kayan miya a cikin jirgin ƙasa a kan fayil ɗin ofis don ya rage wa kansa aiki idan ya isa gida. Da farko Saajan gudunsa yake yi, daga baya ya fara raba abincin Ila da shi, har ya ɗauki laifin wani kuskuren lissafi da Shaikh ya yi don kada a kore shi. Ranar auren Shaikh, dangin amarya sun cika gefe ɗaya na hoto, gefen ango kuwa Saajan ne kaɗai a tsaye. Shaikh ya fi kowa dalilin zama cikin kaɗaici, amma shi ne ya ƙi yarda da shi, yana ƙwanƙwasa ƙofar mutane har a buɗe masa. Daga bakinsa aka fara jin maganar da ta zama take ga fim ɗin, cewa wani lokaci jirgin da ba naka ba shi yake kai ka tashar da ta dace da kai. Yana da kyau a lura cewa Saajan Kirista ne, Ila Hindu, Shaikh Musulmi, a birnin da ya ga mummunan rikicin addini a 1992 da 1993, amma fim ɗin bai tsaya yin wa'azi a kan haka ba, ya bar su suna cin abinci daga kwano ɗaya.

An ɗauki fim ɗin a Mumbai a 2012 cikin kwana 29, bayan an shafe watanni ana gwaji da 'yan wasa. Irrfan Khan, wanda ya fito a matsayin Saajan, ya riga ya yi suna a duniya ta fina-finai irin su The Namesake da Slumdog Millionaire, kuma shekarunsa a lokacin ba su wuce 45 ba, don haka tsufan da ake gani a jikin Saajan daga tafiyarsa da zamansa da yadda yake gyara tabarau ya fito. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma rabin wannan fim a fuskar Irrfan aka rubuta shi, musamman lokacin da yake buɗe kwanon hawa bayan hawa, ya sunsuna, ya waiga ko wani yana kallonsa kafin ya warware takardar. Nimrat Kaur, wadda ta fito a matsayin Ila, daga wasan daɓe ta zo, kuma kusan duk wasanta a cikin ɗan ƙaramin kicin ta yi shi, tana magana da muryar da ba ta ganin mai ita. Dabbawalan da ake gani a fim ɗin na gaske ne, wata ƙaramar tawaga ce ta bi su tana ɗaukar aikinsu yadda suke yin sa, ta haka wani yanki na fim ɗin gaskiyan da Batra ya yi niyya a 2007 ya samu shiga.

Tun da masoyan ba sa haɗuwa, sai aka ɗora wa tacewa da sauti nauyin haɗa su. Ila takan kori ƙuda a kicin, hoto ya yanke zuwa Saajan yana korar ƙuda a ofis. Ta ba shi labarin fankar Deshpande, sai ya ɗaga kai ya kalli fankar da ke kansa. Yara masu bara suna rera wata tsohuwar waƙar fim a cikin jirgi, sai a ji irin waƙar tana tashi a gidan su Ila, kuma da ta san sunansa sai ta roƙi Anti ta saka mata kaset ɗin waƙoƙin wani fim na 1991 mai suna Saajan. Waƙa a nan tana fitowa ne daga rediyo da kaset da bakin mutane, kamar yadda take a rayuwa. Akwai kuma wata kewa ta dabam da ta ratsa fim ɗin gaba ɗaya, kewar tsohon Bombay, domin a zamanin wayar hannu an zaɓi takarda da biro, da kaset, da ofis mai tulin fayil ba kwamfuta. Mutanen fim ɗin duk waɗanda birni ya wuce ya bari ne.

Wurin da ra'ayin masu kallo ya fi rabuwa shi ne ƙarshe. Ila ta karanta cewa a ƙasar Butan ana auna ci gaba da farin cikin jama'a, ta ce za ta tafi can da 'yarta, Saajan ya tambaye ta ko za ta tafi da shi. Suka yi alƙawarin haɗuwa a wani gidan shayi a unguwar Matunga. Ta je ta zauna tana shan ruwa kofi bayan kofi, bai zo ba, washegari ta aika masa da kwano babu komai a ciki. Amsarsa ita ce ya je, ya zauna daga nesa yana kallonta, amma da safen ranar ya shiga banɗaki ya ji warin kakansa, ya gane warin jikinsa ne, a cikin jirgi kuma wani saurayi ya tashi ya ba shi wurin zama irin yadda ake yi wa dattawa. Ya ga ƙuruciyarta, ya ga bai kamata ya ɗaura mata tsufansa ba. Wasu suna ganin wannan tsoro ne aka yi wa rigar dattako. Ni ina ganin duka biyun ne, kuma fim ɗin ya san haka, shi ya sa bai bar shi ya huta a garin Nashik inda ya tafi zaman ritaya ba. Ya komo Mumbai, ya shiga taragon dabbawala suna tafa hannu suna rera waƙar ibadarsu, yana bin sawun kwanon zuwa gidan da ya fito. A daidai lokacin Ila ta sayar da kayan adonta tana shirin tafiya da yamma idan 'yarta ta dawo daga makaranta. A nan hoto ya ɗauke. Akwai kuma tambayar da mai kallo daga al'umma irin tamu ba zai kasa yi ba, cewa matar aure ce take musayar wasiƙa da wani namiji. Fim ɗin bai ɓoye nauyin wannan ba, ana ganinsa a ɗari-ɗarin da Ila take yi da kuma ja da bayan Saajan, sai dai ya fi mayar da hankali ga abin da ya kai ta ga neman mai saurare a wajen gidanta.

An fara nuna fim ɗin ranar 19 ga Mayu 2013 a bikin Cannes na Faransa, a sashen makon masu sharhi, a shekarar da ake bikin cikar silimar Indiya shekara ɗari, kuma ya samu kyautar zaɓin masu kallo ta Grand Rail d'Or, wadda ma'aikatan jirgin ƙasa masu sha'awar fim suke bayarwa. Kamfanin Sony Pictures Classics ya sayi haƙƙin nuna shi a Amurka, inda ya tara fiye da dala miliyan huɗu a 2014, kuɗi mai yawa ga fim na harshen waje. A Indiya an sake shi ranar 20 ga Satumba 2013 da goyon bayan Karan Johar da kamfanin UTV, ya kuma ci kyaututtukan Filmfare, ciki har da na sabon darakta ga Batra da na mataimakin jarumi ga Nawazuddin. Mutane da yawa sun ɗauka shi Indiya za ta tura gasar Oscar, ganin cewa fina-finanta uku ne kacal suka taɓa kaiwa zagayen ƙarshe a rukunin harshen waje, wato Mother India da Salaam Bombay! da Lagaan. Amma kwamitin tarayyar masu shirya fim ta Indiya ya zaɓi The Good Road, wani fim na harshen Gujarati. Masu shirya The Lunchbox suka nuna ɓacin ransu a fili, tarayyar ta nemi Batra ya ba da haƙuri, aka yi ta musayar wasiƙu a jaridu, fim ɗin da aka tura kuma bai kai ko'ina ba. A 2015 The Lunchbox ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don kyautar BAFTA ta Ingila a rukunin fina-finan da ba na Turanci ba.

Batra bai rabu da wannan jigo ba. A 2017 ya shirya Our Souls at Night da Robert Redford da Jane Fonda, labarin maƙwabta biyu tsofaffi da kowannensu ya rasa abokin zama, a 2019 kuma ya koma Mumbai da Nawazuddin ya yi Photograph. Guneet Monga ta samu Oscar a 2023 da wani gajeren fim na gaskiya a kan masu renon giwaye. Batun kaɗaici shi ma ya fita daga hannun masu fim ya shiga ofisoshin gwamnati, domin Ingila ta naɗa minista mai kula da shi a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kafa kwamiti a kansa a 2023.

A watan Maris na 2020 dokar kulle ta tsayar da jiragen ƙasa na Mumbai, dabbawala suka ajiye aiki, da yawansu suka koma ƙauyukansu, kuma ko bayan an buɗe gari sana'ar ba ta koma yadda take ba, saboda aiki daga gida da kamfanonin kai abinci ta waya sun janye masu hulɗa da su. A cikin wannan kulle ne mahaifiyar Irrfan Khan ta rasu a Jaipur, bai samu halartar jana'izarta ba. Kwana huɗu bayan haka, ranar 29 ga Afrilu 2020, shi ma ya rasu a wani asibiti a Mumbai yana da shekara 53, bayan shekara biyu yana fama da wani nau'in ciwon daji. An binne shi a maƙabartar Musulmi ta Versova a ranar, kuma saboda dokar hana taro, 'ya'yansa biyu da 'yan'uwa da abokai kaɗan ne suka raka shi.